Inabin da Alhaji Ya Hana wa Ruwa

Mazan mutane idan suka je Amurka agogo suke kawo wa matansu, ko jaka, ko turare. Nawa mijin sanduna uku ya kawo mini, busassu, a naɗe cikin tawul ɗinsa na wanka. Kowacce ba ta kai tsawon muciya ba. Da ya shimfiɗa su a kan teburin falo yana murmushi, na ɗauka asuwaki ne, har na fara godiya.

"Hajiya, kar ki taɓa," in ji shi. "Inabi ne. Inabin Kalifoniya."

Lokacin muna zaune a unguwar Ulaisha a birnin Riyad, a hawa na uku na wani tsohon bene. Alhaji ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu na Riyad, a sashen takardu, yaranmu kuwa duk suna gida suna karatu, daga ni sai shi. An tura shi kwas na mako biyu ne a lokacin sanyi, ranar hutu sai masu masaukinsu suka kwashe su a mota suka kai su wata gonar inabi inda ake yin giya. Na ji labarin nan har na haddace shi. Da aka fara miƙa kofuna, Alhaji ya goya hannuwansa a baya, ya fice waje yana istigfari, sai ya tarar da wani tsohon Bature yana aske rassan inabi. Suka yi hira. Tsohon ya ba shi sanduna uku daga cikin waɗanda ya yanke, ya haɗa masa da wani ɗan littafi mai hotuna.

Na ce, "Alhaji, daga gonar giya fa ka ce?"

Ya ce, "Inabi inabi ne, Hajiya. Laifin yana cikin ganga, ba a jikin itace ba."

Ya faɗi wannan magana da irin muryar da yake karanta sanarwa da ita, don haka na bar zancen.

Gaskiya ita ce a wannan lokacin mijina ba ya cikin daɗi. An yi ƙarin girma sau biyu ana tsallake shi. Yaran da ya koya wa yadda ake rubuta wasiƙar ofis su ne yanzu suke sa hannu a saman nasa. Saura shekara uku ya yi ritaya, kuma in ya dawo daga aiki sai ya zauna a kujera da takalmansa a ƙafa, ya ƙura wa bango ido har a kira magariba. Ina jin tausayinsa ƙwarai. Da na ga sandunan nan sun sa shi magana, har da dariya, na ce a raina ko da tsintsiya ya kawo ya ce zai dasa, zan taya shi neman tukunya.

Tausayin bai daɗe ba, don ba a yi mako guda ba ya ambaci gonata. Mahaifina ya bar mini gona a wajen Zariya, cike da mangwaron da ya dasa da hannunsa, ni ina yarinya ina biye da shi da gwangwanin ruwa. Alhaji ya zana ta a takarda, ya ja layuka a jere kamar na hoton littafinsa. Na duba na ce ina mangwaron? Ya ce inabi ba ya son inuwa. Wato shirin shi ne a gwada a saman benenmu na Riyad, in ya yi, idan mun koma gida a kwantar da mangwaron Baba a mayar da wurin Kalifoniya.

Ya karɓo makullin saman bene daga wurin mai gadin gidan, ya samo rabin ganga uku, ya cika su da ƙasa da tsakuwa. Ya kuma sayi kundi mai baƙar bango, yana fassara ɗan littafin Baturen a ciki da biro ja da shuɗi. Ilimin da ke ciki gaba ɗaya a kan abu ɗaya ya tsaya: itacen inabi sai ya sha wuya. Kar a ba shi ƙasa mai kyau, kar a ba shi ruwa da yawa, in ya ji daɗi sai ya yi ta ganye ya manta da 'ya'ya. Alhaji ya yi na'am da wannan koyarwa fiye da kima, ina jin don ta yi kama da yadda aka rene shi. Ya yanke hukuncin cewa da zarar sun kama, buta ɗaya za a riƙa ba kowacce, ranar Juma'a bayan masallaci.

A Riyad fa muke. Garin da in ka shanya zane ka juya ka ɗauko na biyu, na farkon ya bushe. Na ce masa Baturen nan ya taɓa zuwa Riyad kuwa? Ya ce kimiyya ba ta san gari ba.

Sandunan sun yi toho da sanyi, abin sha'awa. Da zafi ya shigo, ta farko ta mutu. Alhaji ya rubuta a kundi cewa dama raunanniya ce. Ta biyu ta bi ta bayan mako uku, ya rubuta cewa ba ta da juriya. Ko a ofis ban taɓa jin an kori ma'aikaci da irin wannan adalci ba.

Wata Lahadi da hantsi, yana wurin aiki, na hau shanya. Ta ukun ta sunkuyar da kai, ganyenta sun naɗe, gefensu ya ƙone. Na tsaya ina kallonta da kwandon wanki a hannu. Abin da ya kamata mai hankali ta yi a bayyane yake: in yi shanyata in sauka, nan da Juma'a Allah ya yi mini maganin abin, mangwaron Baba ya tsira ba tare da na ce uffan ba. Har na juya. Sai na tuna kujerar nan da takalman nan da bangon nan. Na sauka na ɗauko bokitin da muke tara ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗakinmu, na hau da shi ina haki, na juye mata duka. Ina juyewa ina zagin kaina.

Daga ranar abin ya zama aikina. Lahadi zuwa Laraba ina hawa da bokiti da zarar motar ofis ta ɗauke shi. Alhamis nakan bar ta, don saman ƙasar ya bushe kafin mai bincike ya zo. Tsakuwar da ya zuba saboda koyi da Amurka ita ta rufa mini asiri, don ba a ganin danshi a ƙarƙashinta. Ranar Juma'a sai ya hau da butarsa da kundinsa, ya taɓa tsakuwar da yatsa ya ji ta rau, ya dubi ganye kore shar, ya gyaɗa kai.

"Kin gani, Hajiya? Ke da kike cewa za ta mutu. Wuya ce take gina ta."

"Na gani, Alhaji," nake cewa. "Lallai Turawan nan sun yi nisa."

Ni da ciwon gwiwa nake kwana saboda matakala, shi kuma yana ta samun tabbacin kimiyya.

A shekara ta biyu kurangar inabin ta haye igiyoyin da ya ɗaura mata, ta kai har ƙarfen shanyata. Alhaji ya zama malami. A masallacin unguwa, a motar ofis, a baƙala, wato kantin da muke sayen burodi, duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa lafiya sai ya ji yadda ake noman inabi a Kalifoniya: yadda gonakin suke hawa tudu a jere, yadda hazo yake tasowa daga teku da safe ya lulluɓe su, yadda ake aske su da sanyi har su koma kamar kututture. Mutumin da ya yi yini ɗaya a gona, rabinsa ma a bakin ƙofa yana istigfari. Amma ya daina zaman kujera. Yana dawowa zai cire takalmi ya hau sama, ina jin takunsa a kaina yana zagaya ganga ɗaya kamar mai duba kadada goma.

Maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, wata dattijuwa 'yar Sham, ita ta fara kama ni. Ta hau shanya ta same ni da bokiti, ta dubi kurangar, ta dafe ƙirji. Ba inabin ya dame ta ba, ganyen take so. Da ɗan Larabcina na kasuwa da nata nunin hannu muka daidaita: ta riƙa tsinkar masu taushi daga ciki inda ba a lura, ni kuma ba ta ga bokiti ba. Takan naɗe shinkafa da niƙaƙƙen nama a ciki ta dafa da lemon tsami, ta aiko mana da faranti. Alhaji yana ci yana santi, yana cewa Larabawa sun iya sarrafa ganye. Washegari ya hau sama ya rubuta a kundi cewa iska tana ɗauke wa kurangar ganye, a nemi abin kariya.

Duk wannan lokacin maganar gona ba ta mutu ba. Ya fara tambayar ƙanensa ta waya ko ya san mai injin yankan itace. Duk lokacin da na ji haka sai in ce gobe ba zan hau ba. Gobe ta yi in ga kaina a kan matakala da bokiti. Na san sarai cewa da hannuna nake shayar da abin da zai kwantar da mangwaron mahaifina, kuma na san kalma ɗaya daga bakina za ta rushe abin da ya rage wa mijina na alfahari. Na kasa zaɓa, sai na ci gaba da ɗaukar ruwa ina jin haushin kowa.

Shekara ta uku ta yi 'ya'ya. Na ƙirga nono goma sha huɗu, har na fara sonta duk da kaina. Wata ranar Juma'a Alhaji ya hau da almakashi ya datse bakwai suna ɗanyu, ya zubar a ƙasa, don littafi ya ce in an rage, sauran sun fi ƙarfi. Na tsaya ina kallon ruwan mukayyif na wata uku a zube a kan siminti. Na kwashe su a gefen zanena na kai wa 'yar Sham, ta yi murna, ta ce dama da su suke tsamin miya. A gidan nan dai babu abin da Alhaji zai yar a rasa mai ci.

Da sauran suka nuna, suka yi baƙi, sai ya shirya taro. Ranar Asabar bayan la'asar, aka shimfiɗa darduma a saman bene. Ya gayyato abokan aikinsa huɗu, har da wanda yanzu yake gaba da shi. Ya kuma gayyato wani dattijo ɗan Maraɗi da suke haɗuwa a masallaci, wanda ya daɗe yana aikin lambu a gidajen Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Alhaji ya ce mini yana so bawan Allahn nan ya ga noman zamani kafin ya tsufa a kan na gargajiya. Ni ina bakin matakala a bayan ƙofa, ina miƙa shayi, ina jin komai.

Aka yi jawabi na kusan rabin awa, da kundi a buɗe. Sannan aka yanko nono biyu aka zagaya da su a faranti. Ta tsagar ƙofa nake hango su. 'Ya'yan ba su wuce girman gujiya ba, fatar kauri, cikin kuwa ƙwallo ne ya fi yawa. Zaƙi kam akwai, har yana kama maƙogwaro. Manyan mutane da manyan riguna suna ta tauna suna neman inda za su tofar. Ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan inabi ne ko ɗinya?" Aka yi dariya kaɗan.

Ɗan Maraɗin bai yi dariya ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matse ta tsakanin yatsu, ya duba ruwan.

"Alhaji, ka yi mini haƙuri," in ji shi. "Wanga ba na ci ba ne. Na matsewa ne."

"Na matsewa kamar yaya?"

"Na yi aiki gidan wani Bature da ke da irinshi jikin katanga. Shi ya gwada mini. Inabi iri biyu ne. Na ci shi ne wanda kake gani baƙala, manya, fata sirirya. Wanga ƙanana mai kaurin fata, don abin nan nasu na ganga suke shuka shi. Hana ruwan da kake faɗi, da rage 'ya'yan, duk don ruwan ya yi ƙarfi cikin ganga ne. Mai son na ci, ruwa yake ba shi ya ƙoshi."

Ɗaya daga cikin baƙin ya tofar da na bakinsa a tafin hannu ya ce astagfirullah, ya tambaya ko sai ya kuskure baki, kamar ƙwayar inabi za ta bugar da shi kafin ya kai mota. Shi kuwa wanda ke gaba da Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ashe kamfani za ka buɗe mana bayan ritaya, Alhaji. To wallahi kar ka sa sunan ofis." A wannan karon dariyar ta fito sosai.

Dattijon ya tashi ya je gindin kurangar, ina jin don ya ba Alhaji damar ɗauke kai. Ya tura yatsa ya ratsa tsakuwar har can ƙasa, ya zaro shi da laka. Ya dubi yatsan, ya dubi butar Juma'a da ke gefe, ya dubi ƙofar da nake bayanta. Sai ya goge yatsan a bayan wandonsa ya ce, "Amma dai ta samu kulawa. Allah shi yi albarka." Bai tona mini asiri ba. Kafin magariba kowa ya tuna yana da wani uzuri.

Washegari Lahadi motar ofis ta zo ta yi ta hon, ta tafi. Alhaji bai sa kayan aiki ba. Da hantsi na ji ya buɗe akwatin kayan gyara, na ji takunsa a matakala. Na tsaya a kicin na ɗan lokaci. Ga shi nan, abin da na yi shekara uku ina fata, zai faru ba da hannuna ba. Sai na ɗauki bokitina, wanda ya cika tun daren jiya, na bi shi.

Na same shi durƙushe a gindin kurangar da ƙaramin zarto.

"Ajiye, Alhaji."

"Hajiya, koma ƙasa. Ba zan bar itacen giya a kan gidana ba."

"Kai ka ce laifin yana cikin ganga. Kuma ba ka da ikon sare abin da ba kai ka shayar ba."

Ya ɗago ya ga bokitin. Na wuce ta gabansa na juye shi a gangar, a kan idonsa, kamar yadda na saba. Sannan na faɗa masa duka: Lahadi zuwa Laraba, hutun Alhamis, ruwan mukayyif, 'yar Sham da ganyen da yake ci yana santi. Na ce da butarsa kaɗai aka bari, da wannan ta bi 'yan uwanta tun zafin farko. Ban tausasa ba, don haushin shekara uku ne, kuma gwiwata tana ciwo a lokacin.

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi ma da na fi jin daɗi. Sai ya ajiye zarton ya zauna a kan simintin, mutum mai furfura, a cikin ranar nan. Ya daɗe yana kallon ruwan yana nutsewa cikin tsakuwa.

"Ke kin san zan sare mangwaron Baba," in ji shi. "Me ya sa ba ki bar ta ta mutu ba?"

"Don na gaji da ganinka a kujera da takalmi."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, "To Hajiya, me zan je in yi a gida?"

A shekarun aurenmu ban taɓa jin ya yi tambayar da bai riga ya shirya amsarta ba sai ranar. Duk baƙar maganar da ke bakina ta gudu. Na zauna kusa da shi a kan bokitin da na kife, idona ya cika, na ce masa akwai fili ta wajen rijiya inda inuwar mangwaron ba ta kaiwa, kuma ɗan Maraɗin nan ba zai rasa sandunan na ci ba in sanyi ya shigo. Na ce amma ko reshe ɗaya na mangwaro aka taɓa, shi da inabin su nemi wata gonar.

Ya miƙa hannu ya ɗauko kundin daga inda ya bar shi tun jiya a gefen darduma. Ya wuce shafukan jan biro da shuɗi, duk hikimar Kalifoniya, har ya kai inda babu rubutu. Ya zare biron daga aljihu, ya gyara tabarau, ya dube ni.

"Bokiti nawa kike ba ta a rana?"